Gidan yari ko asibitin Kware?

Mutum mai taɓin hankali ya yi laifi, ina ya kamata alƙali ya tura shi? In gidan yari ne to an tsare shi dai, jama'a sun huta, amma magani fa, ga cunkoso ga zafin Sakkwato, ciwon ƙaruwa yake wallahi. A Kware kuwa, asibitin masu taɓin hankali da ke jihar Sakkwato, likitan ƙwaƙwalwa zai duba shi ya rubuta ma kotu rahoto, ko ya san abin da yake yi lokacin laifin, ko ma zai iya fahimtar shari'ar, sai dai kuɗin magani na kayar da dangi. Ni Kware na zaɓa, musulunci ma ya ɗauke alƙalami kan mahaukaci, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa ma hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.