Gozo ko Naksos: ina ɗan fansho zai fi sakewa?

Gozo ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Malta, faɗinsa murabba'in kilomita 67 kacal. Cikin minti 25 jirgin ruwa zai sada ka da babban tsibirin, ga asibiti a garin Biktoriya. Likita yana jin Ingilishi, harshen gida kuma tushensa Larabci ne: a kasuwa za ka ji ana cewa "hamsin" da "sittin" kamar a kasuwar Kurmi ta Kano. Sai dai tsarin harajin Malta na baƙi 'yan fansho yana karɓar kashi 15 cikin ɗari, kuma harajin ba ya gaza Yuro 7,500 a shekara. Mai ƙaramin fansho zai ji a jikinsa.

Tsibirin Naksos na ƙasar Girka ya fi girma nesa ba kusa ba, mutanensa suna noma dankali, suna yin cuku, don haka cefane da sauƙi. Tun 2020 Girka ke karɓar kashi 7 kacal daga baƙi 'yan fansho da suka cika sharuɗɗa, har shekara 15. Damuwata ita ce hunturu. Iska kan hana jiragen ruwa tashi, babbar jinya kuma sai Atina.

Ni dai, da hawan jini a jikina, Gozo zan zaɓa, ko da aljihu zai koka.