Cin Amana a Gidan Batiatus

Na karɓo kashi na farko na shirin Spartacus, wanda tashar Starz ta fitar a 2010, wajen masu tura fina-finai a kasuwar Maradi, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ƙarfinsa yana ga Batiatus, mai gidan horar da bayi mayaƙa, wanda bashi da kwaɗayin shiga sahun manya suka sa ya yi wa bawansa Spartacus alkawarin dawo masa da matarsa Sura, sannan ya sa aka sare ta a hanya, ta cika a hannun mijinta. Ashur ma, wani bawan gidan da abokansa suka raina saboda raunin ƙafarsa, makircinsa yana da dalili. Sai dai tsiraici da jini sun yi yawa ƙwarai. Kada a kunna shi gaban yara ko surukai.