Hattara manoman Zazzau: masu "rajistar tallafin taki" sun shiga ƙauyuka

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya isar wa iyayenmu na ƙauye, su da ba sa hawa Facebook.

Shekaranjiya kawuna ya iso gidana a Tudun Wada, ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini wata takarda da ya naɗe a cikin hularsa. Noman masara yake yi a wajen Dakace. Ya ce wasu samari biyu ne suka zo musu a kan mashin, da kati rataye a wuya, suka kafa benci a gindin dalbejiya bayan sallar Juma'a. Wai gwamnati ce ta turo su yin rajistar manoma: buhu biyu na kamfa da ɗaya na yuriya a rabin kuɗi, sannan a turo kuɗin huɗa ta asusun banki. Fom naira 3,000. Suka ɗauki hotonsa, suka rubuta NIN da BVN, suka karɓi katinsa na ATM suka ɗauke shi hoto gaba da baya, "don kada kuɗinka ya tafi asusun wani, Baba."

Da dubu ukun nan abin ya tsaya, da sauƙi. Bayan kwana biyu aka kira shi da ladabi, aka ce sunansa ya fito, an turo masa wasu lambobi a waya, ya karanto. Shi da ba boko ba, jikansa ya karanta musu. Kafin la'asar kuɗin ɗan bijimin da ya sayar don aikin damina sun bi iska.

Na ce, "Kawu, yaya aka yi ka yarda?" Ya ce, "Ai an taɓa yi, ɗana." Kuma gaskiyarsa ce. A 2012, zamanin Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, saƙon waya ake turo wa manomi ya je ya karɓi taki da iri a farashi mai rahusa. A 2015 kuma Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin Anchor Borrowers na manoma, wanda Buhari ya ƙaddamar a Kebbi, shi kuma da buɗe asusu da BVN (rance ne ma, ko da yake da yawa sun ɗauke shi kyauta). Da wannan sabon ɓarayin nan suke cin kasuwarsu. Amma a wancan shirin na waya, wurin rabon taki kake zuwa da ƙafarka ka nuna saƙon. Lambar da banki ya turo maka kuwa makullin asusunka ce, ko ma'aikacin bankin ba ya da hurumin tambayarta.

In sun zo garinku, a ce su fara zuwa gaban mai unguwa ko dagaci, a kira malamin gona na yankin ya shaida su. Mai shakka ya leƙa sashen gona na ƙaramar hukuma ya tambaya. Wanda ya riga ya ba da katinsa, ya garzaya banki yau ɗin nan a toshe shi, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Haka muka yi jiya da Kawu.

Takardar tana nan a hannuna: ba adireshi, ba sa hannu, tambarin ma ya dushe saboda yawan gurzawa. Kawu ya ce ya ji suna tambayar hanyar Wuciciri.