Hattara masu saro sarƙar lu'u-lu'u a Chaina da Dubai

Dan Allah 'yan uwa mata masu fita saro kaya, musamman masu haɗa lefe, ku ɗan tsaya ku karanta. Akwai cutar da wasu masu shagon lu'u-lu'u (wato pearl, ƙwayar nan da ake cirowa daga cikin kawa, dabbar ruwa mai ɓawo mai tauri) suke yi, kuma ba roba suke ba ki ba, wannan ai tsohon yayi ne. Na gasken za a ba ki, amma ba irin wanda kika biya kuɗinsa ba.

Kin shiga kasuwa, ko Hongqiao ta Beijin ko shagunan Liwan a Guangzhou ko lungunan Deira a Dubai, mai shago ya ciro wata baƙar sarƙa mai ɗaukar ido ya ce ta Tahiti ce, wato mai tsadar nan ta teku da ke fitowa daga yankin tsibirin Tahiti, ya sa almakashi ya kankari ƙwaya ɗaya gari ya fito ya goge da yatsa ta koma sumul, wani har leta zai kunna mata don ki ga ba ta narke ba, shikenan hankalinki ya kwanta kin fara zaro dala. To Hajiya duk wannan wasan abu ɗaya ya nuna, ba roba ba ce. Bai nuna daga wane ruwa ta fito ba. Shi ma goga ta a haƙori da ake cewa a yi, in kin ji ɗan kaushi kamar yashi, iyakarsa kenan.

Mafi yawan lu'u-lu'un da ke kasuwannin duniya na ruwan daɗi ne, kiwonsa ake a tafkunan Chaina, babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. Kawar ruwan daɗi guda tana iya ba da ƙwaya sama da 20 a lokaci ɗaya, ta Tahiti kuwa ɗaya tal, shi ya sa kuɗinsu ba su ma kama hanya ɗaya ba. Sai a rina na arhan ya koma baƙi a ce Tahiti, ko ruwan gwal a ce South Sea na Ostareliya ko Filifin ne. Ni fa ban ga laifin na ruwan daɗi ba, yana da kyau abinsa, kawai a sayar min da sunansa da kuɗinsa.

Ki ce a ba ki ɗan gilashin nan na masu gwal ki leƙa ramin da zare ya bi. In rini ne za ki ga kala ta taru ta yi duhu a bakin ramin, wani lokaci har zaren ya ɗauka. In kuma kin ga fenti yana ɓarewa a wurin to gilas ne ma aka shafe. Ƙwayoyi duk kala ɗaya sak ba tabo ko ɗaya, ga arha, wlh ki ajiye.

Satifiket ɗin nan mai leda da tambarin zinare kada ya ruɗe ki, da yawa shagon ne ya buga abinsa. Na ɗakin gwaji irin GIA yana da lamba, ki duba a shafinsu a wayarki kina tsaye. A rasit kuma a rubuta nau'in, na teku ne ko na ruwan daɗi, rinanne ne ko kalarsa ce. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Tafintan da ya dage sai wannan shagon ma ki sa masa ido, galibi akwai kamashonsa a cikin kuɗin da aka faɗa miki.

Sai musanya. Kin zaɓa kin biya, a ce bari a shiga ciki a ɗaura maƙulli a sa a kwali, abin da zai fito daban, ke kuma sai kin sauka Kano za ki buɗe. Ki ɗauki hoton wadda kika zaɓa, a ɗaura a gabanki, ki sake buɗe kwalin kafin ki bar shagon.