Sharhi: littafin labaran tsoro da ya cinye mini ƙarshen labari

Na daɗe ban sayi abin da ya faranta mini rai kuma ya ɓata mini shi a dare guda kamar wannan littafi ba. Tarin gajerun labaran tsoro ne na Turanci, irin waɗanda ake kira gotik, kowane labari da nazarinsa biye da shi. A intanet na saye shi. Na tura kuɗi ranar Litinin, ranar Alhamis direba ya kira ni na je tasha na karɓo shi a baƙar leda, an ɗaɗɗaure da salatif kamar ƙullin magani.

Tun a shafukan farko na lura da wata mummunar ɗabi'a ta wanda ya tsara shi. Kafin kowane labari sai ya zayyana maka duk abin da zai faru, har da wanda zai mutu da inda za a ɓoye gawarsa. Labarin tsoro fa! Na yi tsaki na ci gaba. Gabatarwar ba laifi, ta faro daga Horace Walpole na Ingila da littafinsa na 1764, ta bi ta kan tsofaffin gidaje da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ta sauka a kan Edgar Allan Poe na Amurka, wanda aka haifa a 1809 ya mutu a 1849. Yawancin labaran nasa ne.

Da na shiga The Tell-Tale Heart na 1843, sai na yafe wa mai tsarawar. Mutum ne ke ba ka labarin yadda ya kashe wani tsoho da suke gida ɗaya, ba don dukiya ba, ba don wata gaba ba, sai don idon tsohon guda ɗaya da ya ce ya yi kama da na ungulu. Dare bakwai yana leƙa ɗakinsa da fitila, a na takwas ya gama da shi, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon daɓe. 'Yan sanda uku suka zo, ya ba su kujeru, ya dasa tasa a kan daidai wurin, har ya fara jin bugun zuciya ya tona wa kansa asiri. Abin da nazarin ya buɗe mini ido a kai shi ne, duk hujjar da mutumin ke kawowa don ya nuna lafiyarsa ƙalau, ita ce take ƙara nuna ba ƙalau ba. Yana taƙama da cewa awa guda yake ɗauka kafin ya gama zura kansa ta ƙofa, wai mahaukaci ba zai yi wannan dabara ba. An kuma kawo sunan da masanin adabi Wayne Booth ya laƙaba wa irin wannan a 1961, wato mai ba da labarin da ba a dogara da bakinsa. Sai na tuna yadda kakata ke rufe tatsuniya da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya. Ita a ƙarshe take amsa laifinta tana dariya, shi kuwa wannan tun layin farko yake rantsuwa da hankalinsa. Nazarin ya ma ja hankali cewa ba a faɗi sunansa ba, ba a faɗi dangantakarsa da tsohon ba, ba a kuma fito fili an ce namiji ne ba. Ni da nake rubutu da Hausa dole na zaɓi "ya" ko "ta", na zaɓi "ya" ne kawai don hannuna ya saba.

A wannan gaɓar da an tambaye ni, tauraro biyar zan bayar ba tare da jayayya ba.

Daren Asabar aka ɗauke wuta, yara sun yi barci, na kunna tocilan waya na buɗe The Black Cat, shi ma na 1843. Mai ba da labarin ya ce gobe za a kashe shi, yana son sauke nauyin da ke ransa. Ya ce tun yana yaro an san shi da tausayin dabbobi, sai giya ta juya shi. Ya ƙwaƙule wa muzurunsa Pluto ido da 'yar wuƙa, daga baya ya rataye shi a bishiya, a daren gidansa ya ƙone. Ya tsinci wani baƙin muzurun a mashaya, shi ma mai ido ɗaya, da farin tabo a ƙirji wanda sannu a hankali ya koma siffar abin rataye mutum. Ya ɗaga gatari zai sare shi a ɗakin ƙasa, matarsa ta riƙe masa hannu, sai ya sauke gatarin a kanta. Yadda yake faɗin wannan cikin jimla ɗaya, sannan ya ɓata layuka yana yaba irin shafen da ya yi wa bangon da ya toshe ta a ciki, ya sa tsigar jikina ta tashi. Har ya ce a daren ya yi barci mai daɗi. A rana ta huɗu 'yan sanda suka zo, suka duba ko'ina, suka juya za su hau matakala, shi kuma bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Na juya shafi na 96.

Sai ga ni a shafi na 81.

Na ɗauka barci ne ya fara fizgata. Na murza ido, na haska lambobin da kyau. Daga 81 zuwa 96 an ɗinke su sau biyu, daga 97 zuwa 112 babu su kwata-kwata. Ƙarshen labarin ya tafi, nazarinsa ya tafi, The Fall of the House of Usher da ke biye kuma na same shi ba kai. Ƙarfe ɗaya na dare ina zaune da tocila ina zazzage littafi kamar shafukan za su faɗo daga ciki.

Wani zai ce ai ka san ƙarshen, tunda mai tsarawa ya riga ya fesa maka. E, na san mai ba da labarin ya ƙwanƙwasa bangon da sanda, kuka ya fito daga ciki, aka rushe aka tarar da muzurun zaune a kan gawar. Amma ba wannan na biya kuɗi in ji ba. So nake in ji da wane baki zai faɗa, ko a nan ma zai ɗora wa dabba laifi kamar yadda ya ɗora wa giya. Littafin da kansa ya koya mini cewa muryar ita ce labarin, sannan ya yanke mini muryar a daidai inda take shirin karyewa.

Da safe na kira mai sayarwar. "Alhaji, littafin nan akwai shafuka goma sha shida da babu." Ya ce, "Malam, haka aka bugo shi, mu ma ba buɗewa muke ba." Na ce to a canza mini. Ya ce babu damuwa, amma ni zan biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma ba zai yi alkawarin sauran kwafin ba haka suke ba. Da na lissafa, kuɗin motar ya kusa rabin kuɗin littafin.

Tunda raina ya riga ya ɓaci, sai sauran aibobin suka fara fito mini. Takardar siririya ce, rubutun baya na leƙowa ta gaba. Nazarin The Cask of Amontillado na 1846 kuwa ban yarda da shi ba sam. An jefa Montresor, mai ba da labarin, cikin layin mahaukata tare da sauran, alhali mutumin da ya sallami bayinsa da dabara, ya tanadi duwatsu da kwaɓi tun kafin ya ja Fortunato, wanda ya ce ya ci masa mutunci, cikin ramin da zai toshe shi a ciki, ya kuma zauna shekara hamsin ba a kama shi ba, ba hauka ke damunsa ba, ƙullaci ne da girman kai. Inda ya kamata a tuhumi bakinsa shi ne bai taɓa faɗin cin mutuncin da aka yi masa ba. Nazarin ya wuce wannan da layi biyu.

Gaskiya dai ɗaya ce, The Yellow Wallpaper na Charlotte Perkins Gilman, na 1892, ya zo cikakke, kuma nazarinsa ya fi kowanne. Matar da mijinta likita ya hana ta aiki da rubutu da sunan magani, tana rubutu a ɓoye har ta fara ganin wata mata a bayan zanen takardar bango. Nan ka rasa wa za ka ƙi yarda da shi, ita ko mijin. Matata ta karanta shi sau biyu, ta kwana biyu tana mini wani irin kallo.

Tauraro uku nake ta niyyar bayarwa saboda wannan. Amma ɗazu na sake buɗe shafi na 96 na ga 'yan sandan nan har yanzu suna tsaye a kan matakala, don haka biyu. In za ku saya, ku yage ledar a tasha ku ƙirga daga 96 kafin direba ya tayar da mota.