Agogan jiragen yaƙin Rasha a manhajar DCS World: abin da na gani cikin wata huɗu

Duk wanda ya zauna a Injamena, musamman a unguwannin da ke daura da filin jirgin sama na Hassan Djamous, ya san ƙarar jirgin yaƙin Sukhoi ba sai an gaya masa ba. Tun daga 2008 Chadi ta fara sayo jiragen Su-25 daga Yukiren, daga baya aka ƙaro MiG-29, amma mu da ke ƙasa iyakarmu hangen cikinsu idan sun gifta ta saman kogin Shari. Son sanin abin da matuƙin yake kallo a gabansa shi ya kai ni ga DCS World, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi ta kamfanin Eagle Dynamics, wadda ake saukewa kyauta tare da jirgin Su-25T da taswirar yankin Kaukasus. Na shafe wata huɗu ina gwada ta, kuma abin da zan yi magana a kansa a nan shi ne agogan da ke mazaunin matuƙi, domin a ganina su ne suka cancanci kuɗin intanet ɗin da mutum zai ƙona, fiye da makamai da fashe-fashen da ake tallata ta da su.

Abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne launi. Allon agogan jiragen Tarayyar Sobiyat fentin shuɗi ne mai sirkin kore, irin wanda ake shafa wa ƙyauren shago, kuma manhajar ta fito da shi har da ƙujewar fenti a gefen maɓallai. Bayan launi sai awo. Gudu da kilomita a sa'a ake auna shi, tsayi da mita, hawa da sauka da mita a daƙiƙa, mai kuma da kilo. Ga mu da muka yi makaranta a tsarin Faransa wannan sauƙi ne babba, domin idan allura ta nuna 300 na san abin da take nufi ba tare da lissafi ba, alhali a jirgin Amurka sai na tsaya tuna cewa not ɗaya, ma'aunin gudunsu, kilomita 1.852 ne a sa'a, ƙafa 1,000 kuma kusan mita 305. Ko wajen sauka lissafin a tafin hannu yake: jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 300 a kan gangaren digiri 3 yana rage mita 4 zuwa 5 a kowace daƙiƙa, kuma da zarar allurar ta zarce haka ka san kana faɗowa ne. Agogon tsayi ana saita masa matsin iska da milimita na ruwan zaiba, 760 a madadin miliba 1013 da aka saba a Yamma, kuma al'adar matuƙan Rasha ita ce a saita shi ya nuna sifili a kan titin sauka. Wato da jirgin a Injamena yake tsaye, agogon zai ce sifili, ko da yake garin ya ɗara teku da kusan mita 300.

Inda na ji jiki shi ne agogon karkata, wanda ke tsakiyar allo, mai nuna wa matuƙi yadda jirginsa yake zaune tsakanin sama da ƙasa. A jiragen Yamma ɗan hoton jirgin da ke cikin agogon a kafe yake, layin da ke raba sama da ƙasa shi ne yake juyawa, kamar yadda za ka gani da ka leƙa ta taga. Injiniyoyin Rasha sun ɗauki akasin haka: layin yana nan a kwance ba ya karkata, ɗan jirgin ne yake kwantawa dama ko hagu, tamkar kana bin jirginka a baya kana kallonsa, sai dai ɗaga hanci da sunkuyar da shi ana karanta su ne a kan ma'aunin da ke mirginawa a bayan hoton. Na zo da sabon wata manhajar jiragen fasinja da na daɗe ina bugawa, kuma sabo turken wawa ne. A dare na uku na tashi daga filin jirgin Kobuleti na ƙasar Jojiya, na shiga gajimare a saman Bahar Aswad, na ga abu ya karkata hagu a cikin agogon, hannuna ya tura sandar tuƙi hagu tun kafin kaina ya yi tunani, domin a tsohon sabona idan layi ya kwanta hagu jirgi dama ya yi. Cikin daƙiƙu kaɗan allurar hawa da sauka ta nutse, na fito daga gajimaren ƙafafun jirgi suna kallon sama.

Ɗan yayata, wanda yake aji na ƙarshe a sakandare kuma bai taɓa riƙe sandar tuƙi ba, yana tsaye a bayana a lokacin. Ya ce, "Kawu, ai ga jirgin nan ya kwanta hagu, me ya sa ka ƙara masa?" Shi da bai san komai ba ya karanta agogon daidai a kallon farko, kuma wannan ita ce hujjar da masu tsarin Rasha suke kafawa, cewa ido ya fi saurin yarda da jirgi mai motsi fiye da ƙasa mai motsi. Lamarin ya wuce wasa. Ranar 14 ga Satumba 2008 wani Boeing 737 ya faɗi a garin Perm na Rasha, mutum 88 suka rasu, kuma masu bincike sun ambaci rikicewar matuƙin da ya saba da agogon Sobiyat a cikin dalilan haɗarin. Manhajar da ta iya sa mutum ya ɗanɗana irin wannan rikicewa a kan kujerar roba a tsakar gida ta yi aikinta, kuma a wannan fanni ban ga abin kushewa ba.

Na'ura ta biyu da ta ɗauki hankalina ita ce SPO-15, wadda Rashawa ke kira Beryoza, sunan wata bishiya ta ƙasarsu. Aikinta gargaɗi ne idan radar abokin gaba ta haska jirginka. Ba ta da fuskar talabijin, ƙananan fitilu ne kawai kewaye da zanen jirgi. Na gaba suna nuna kusurwa daki-daki, digiri 10, 30, 50 da 90 a kowane ɓangare, na baya kuwa guda biyu ne rak, saboda haka abin da ke bayanka sai dai ka san dama yake ko hagu. Babbar fitila ruwan ɗorawa tana nuna barazanar da ta fi tsanani, ƙanana koraye suna nuna sauran, wani zobe na fitilu yana cika a hankali yayin da siginar ke ƙara ƙarfi, a ƙasa kuma akwai haruffa shida da ke faɗin irin radar, ta jirgi ce ko ta makami mai linzami na ƙasa. Idan ja ya kama a tsakiya radar maƙiyi ta kulle ka, wato an saita ka, idan ya fara ƙyaftawa an harbo. Da farko na raina ta, amma daga baya na fahimci cewa tana tilasta wa matuƙi ya riƙa karkata jirgi yana lura da yadda fitilar ke tsallakawa daga kusurwa zuwa kusurwa, har ya zana taswirar maƙiyi a cikin kansa. Wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa da jiragen zamani suka ɗauke wa mutum.

Akwai kuma Shkval, kyamarar hancin jirgi, mai fito da hoto fari da baƙi a wani ɗan allo a hannun dama, tana kusanto da abu har ninki 23 domin jagorantar makami mai linzami na Vikhr. Tana aiki yadda ya kamata, yawancin masu bita ma a kanta suke tsayawa, ni kuwa ban ga ta koya mini wani abu game da tashi ba.

Sai dai araha ba ta ado. A Su-25T na kyauta agogai suna motsi da gaskiya, amma maɓallan mazaunin ba sa taɓuwa, komai da madannan kwamfuta ake yi, har kunna inji. Kana ganin jerin makunnai a dama da hagu kamar kayan kanti a bayan gilashi. Haka lamarin yake a fakitin Flaming Cliffs na kuɗi, mai ɗauke da Su-27 da Su-33 da MiG-29 da kuma Su-25 na asali, wanda shi ne ya fi kusa da irin da ke tashi a nan garin, kuma shi ba shi da gilashin bayanai a gaban matuƙi irin na Su-25T, madubin saiti kawai gare shi, saboda haka dole idonka ya koma kan agogai. Wanda yake son hannunsa ya yi aiki sai ya nemi MiG-21bis, wanda wani rukunin masu ƙira na daban ya fitar a 2014. A can kowane makunni yana taɓuwa, kuma a can ne na gane cewa jirgin Sobiyat yana da hali irin na tsohuwar babbar mota da ke bin hanyar Abeshe. Birki ɗan hannu ne a jikin sandar tuƙi, da iska yake aiki, kuma iskar tana ƙarewa, don haka akwai agogon da za ka riƙa duba wa tun kana kan hanyar fita titi. Agogon mai ba ya leƙa tanki, yana ƙirga abin da inji ya sha ne daga adadin da aka saita masa, idan an saita ƙarya ƙarya zai faɗa maka har inji ya mutu. Radar ma da ruwa mai haɗin barasa ake sanyaya ta, in ya ƙare ta tsaya. A tsakiyar allon kuma an ja farin layi daga sama zuwa ƙasa, domin matuƙin da jirgi ya juya da shi har ya rasa gabas ya daidaita sandar tuƙi da wannan layi. Ban taɓa ganin dabara mai arha da ta kai wannan hikima ba.

Manhajar tana ba da zaɓin mayar da rubutun mazaunin zuwa Turanci, amma shawarata a bar shi da Rashanci. Kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, kuma ranar da ka ga haruffan ПР sun bayyana a gilashi ka gane an ba ka izinin harbi ba tare da ka duba takarda ba, ranar ce za ka ji ka fara zama ɗan gida.

Game da yanayinmu, kada mutum ya yaudari kansa. Manhajar tana da nauyi, gomiyoyin gigabait ce tun kafin sabuntawa, Windows kaɗai take bi, kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba ta kai gigabait 16 ba wahala za ta sha. Ni na sauke ta ne cikin darare da yawa, ina dakatarwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. A zafin Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura 40, fankar kwamfutata tana kuka fiye da injin Sukhoi, shi ya sa na mayar da tashina bayan sallar asuba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga sandar tuƙi ta sa allura rawa, sai na riƙa rufe ta da tsohon rawani. A ƙaramar fuskar kwamfuta lambobin agogai ba sa karantuwa sai an kusanto da kallo, saboda haka na ɗora wannan aiki a kan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsana. Wanda ya sauke manhajar kai tsaye daga shafin kamfanin yana iya gwada yawancin jiragen kuɗi kyauta na kwana 14, kuma ina ba da shawarar kada ya taɓa wannan dama sai ya iya sauke Su-25T a filin jirgin Batumi cikin gajimare sau uku a jere, domin kwana 14 ba sa isar wanda har yanzu yake gardama da agogon karkata ya koyi kunna MiG-21.