Gargaɗi ga iyayen yara masu lalura: a kula da masu zuwa da sunan gyaran gida kyauta

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ke da yaro mai lalura a gida, ko yake da ɗan uwa ko maƙwabci mai irin wannan ɗawainiya, ya karanta kuma ya isar. Akwai wasu mutane da ke bin unguwanni da sunan ƙungiyar tallafi, suna cewa za su gyara wa iyaye tsohon gida ya dace da yaron da ba ya iya tafiya: a faɗaɗa ƙofa, a yi gangara a maimakon matakala, a sauya masai. 'Yan damfara ne, kuma sun san aikinsu.

Ba sa zuwa a wulaƙance. Riga mai tambari, katin shaida a wuya, fom da aka buga da Turanci, da tef ɗin awo a hannu. Sau da yawa har da mace a cikinsu, don ita ce za ta shiga cikin gida ta zauna da uwar yaro, ta ce "Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ne kaɗai zai biya ki." Sukan riga su san sunan yaron da irin lalurarsa, domin sun yi tambaya a unguwa ko a bakin asibiti ranar da ake kai yara gashin ƙashi. Za su auna zaure da ƙofar ɗaki da banɗaki, su ɗauki yaron hoto, su ce an zaɓi gidanku cikin gidaje kaɗan.

Daga nan kuɗi ke fara fita, kuma a hankali. Da farko kuɗin fom ne, ɗan abin da ba za ka tsaya gardama a kai ba. Bayan kwanaki a kira a ce an amince, saura kuɗin rajista. Sai kuma a ce ƙungiya ce za ta ɗauki kusan duka aikin, ku kawo naku kason na siminti da yashi don a ga da gaske kuke. Asusun da za a ba ku na mutum ne, ba na ƙungiya ba, wani lokaci ma na mai POS. Wasu suna haɗawa da neman lambar BVN da NIN, da lambar da banki ke turowa a waya, wai don a sa muku tallafi. Wanda ya karanta musu wannan lamba ta waya ya miƙa musu asusunsa ne da hannunsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fasa gini. Idan suka ga kun fara shakka, sai su turo lebura da guduma ya fasa ƙofar banɗaki ko ya tone dokin ƙofa, a ce aiki ya fara. Da gangan suke yi. Mutumin da aka fasa wa makewayi ba ya iya ja da baya, duk abin da aka ce ya ƙaro zai nemo ko da bashi ne. Ranar da suka ga aljihu ya ƙare sai waya ta daina shiga. A bar gida da rami da tarkacen bulo, yaron da a da yake jan jiki ya fita tsakar gida yanzu ko wannan ba ya iyawa. A ginin ƙasa abin ya fi muni, saboda bangon ne ke ɗauke da azara. Ka faɗaɗa ƙofa ba linta a sama, damina ta zo ta jiƙa shi, rufin ɗaki ka sa a haɗari.

Hotunan ma ba a banza suke ɗauka ba. Suna iya sa su a Facebook ko WhatsApp su nemi taimako da fuskar ɗanku, kuɗin ya shiga asusunsu, ku ba ku da labari.

Na san akwai masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban yarda a faɗa wa waɗannan iyaye haka ba. Uwar da ke goya yaron da ya kusa kama ta tsawo zuwa banɗaki safe da dare, bayanta na ciwo, idan aka ce mata an zo da sauƙi ba kwaɗayi ne ya sa ta saurara ba.

'Yan damfarar sukan kafa hujja da doka, to a san abin da ke ciki. Gaskiya ne akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su a Abuja. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga don mai keken guragu ya iya shiga. Maganar wuraren jama'a ce, ba ta ce wani zai zo ya karɓi kuɗin fom don gyara gidan mutum ba. Idan sun ce ƙungiya ce, a nemi cikakken suna da lambar rajista a duba a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Ko an ga sunan ma kada a tsaya nan, don ɓarawo yana iya aron sunan ƙungiya ta gaskiya. A je ofishin da ƙafa, ko a kira lambar da kuka nemo da kanku, ba wadda ke jikin fom ɗinsu ba. A kai su gaban mai unguwa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi kuwa ɗan damfara nan zai fara cewa lokaci ya ƙure, gobe za a rufe.

Akwai kuma tambayoyin da ke tona wanda bai san aikin ba. Ka tambaye shi tsawon gangarar da zai yi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawo, wato matakala mai tudun santimita 30 tana son gangara ta mita 3.6. Wanda ya ce zai zuba ta cikin taku biyu, abin da zai kifar da yaro zai gina. Ƙofa kada ta gaza santimita 80 a buɗe, 90 ta fi, kuma keke yana son fili kamar santimita 150 kafin ya juya. Ƙarfen riƙo na banɗaki a cikin bango mai ƙarfi ake kafe shi, ba a jikin filasta ba, sannan ƙasa ba ta son tayil mai santsi. Kafin a taɓa komai a nemi shawarar ma'aikacin gashin ƙashi da ke ganin yaron, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin jihohi, domin shi ya san ko yaron zai iya zama a masai shi kaɗai ko sai da kujera. Aikin kansa maginin unguwa da kuka san gidansa zai iya, ku sayi kaya da kanku, ku biya shi kashi-kashi bayan kun ga abin da ya yi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa a ranar, da shaidar turawa da lambar asusun, don saurin kai ƙara shi ke sa a iya tsayar da kuɗin kafin a kwashe. Idan kun ba da lambobin sirri, a toshe katin a sauya su. A adana fom ɗin da saƙonnin waya da lambobinsu, a kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kun ga hoton ɗanku ana bara da shi, ku ɗauki hoton shafin tukuna kafin ku kai ƙorafi a sauke shi. Bangon da aka fasa kuma a sa masa tokara yau, kuma kada yaron ya kwana a ɗakin sai magini ya duba.